Ranar da Maharazu Ya Kai Rahoton Umma

Ku gyara zama, 'yan uwa. Yau zan ba ku labarin yadda mutumin da aka sa mana rana da shi ya zauna ya rubuta sunan mahaifiyata a takardar laifi, da hannunsa, ya kuma kai ta gaban hukuma. Na san wasunku har sun fara cewa tir. Ku dai saurara tukuna.

Sunana Aisa. A Zaitawa aka haife ni, cikin ganuwa, a gidan da kakanninmu suka kafa tun zuwansu daga Barno. Hausa muke yi a gida, amma in Ya Kaka, kakata ta wajen uba, ta fusata, da Barbarci take faɗa. Babanmu ya rasu ina sakandare, ƙaninsa Baba Ari ne ya riƙe gidan, shi ne kuma waliyyina. Umma kuwa, Malama Fatsuma, ita ce shugabar firamaren da ke bayan unguwarmu, ritaya ta kusa.

Wannan abu ya faru ne a shekarun da Kano ba ta da kwanciyar hankali. Tun bayan harin nan na ranar Juma'a gari ya cika da shingen sojoji, aka hana acaɓa, magariba na yi kowa ya shige gida ya ja ƙofa. Har zance sai da ya sauya lokaci. Samari suka koma zuwa bayan la'asar, ido na ganin ido, yaran layi na leƙen zaure.

Haka Maharazu yake zuwa wajena, da ƙafa, tun daga Soron Ɗinki. Dogo ne, baƙi, ba ya ɗaga murya. Babansa magini ne, shi kuma ya yi karatu ya samu aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, a sashen da ke bin diddigin kuɗin da ake tura wa makarantu. In an ce an gina aji, shi ne zai je ya ga ajin da idonsa, ya buga bango ya ji, kafin kwamitin ilimi na kansiloli ya yarda an yi. Abokan aikinsa duk sun sayi motoci. Shi shaddarsa mai ruwan toka na san ta kamar tafin hannuna, har inda zaren aljihu ya fara sakewa. Ni kuwa ko a jikina. An kawo kayan sa rana, goro da alewa da biskit, aka ce biki bayan Babbar Sallah.

Ranar wata Litinin ina tsakar gida ina turara sabuwar atamfata a kan kabbasa, 'yar Nokiyata ta yi ƙara. Na duba.

"Aisa, jibi zan zo makarantar Umma. Aiki ne, ba gaisuwa ba. Ki gaya mata."

Na mayar: "To sai me? Ka zo da tsaraba."

Can ya sake turowa: "Ki dai gaya mata."

Ni kuwa na san abin da zai je ya tarar.

Bari in mayar da ku baya kaɗan. Bayan an fara ƙona makarantu a wasu garuruwa, hukuma ta turo wa firamarori kuɗi a ɗaga katanga a sa ƙofar ƙarfe. Na makarantar Umma ya iso daidai lokacin da mutanen Barno suka fara kwararowa Zaitawa. Wasu dangi ne, wasu kuwa sun dai ji an ce akwai masu jin yarensu a nan. Mata da yara ne yawanci, da ƙullin kaya a ka, wasu ko takalmi babu. Umma ba ta iya ganin yaro yana zaune a ƙofar gida da safe ba. Gida gida ta bi tana kwaso su, tana rubuta sunayensu. Sai dai ina za a zuba su? Azuzuwa sun cika maƙil. Akwai wani tsohon gini mai aji biyu a ƙuryar makarantar wanda iska ta yaye rufinsa tuntuni, awaki ke kwana ciki. Umma ta rubuta wa sakatariya ta sake rubutawa, ta je da ƙafarta, kullum sai a ce ta jira. Ga damina ta taho.

Sai ta raba kuɗin katanga. Ta ɗaga bangaren titi ta sa ƙofar ƙarfe, da sauran ta sayi kwano da katako ta rufe azuzuwan nan, ta sa aka haɗa benci. Katangar baya, tsohuwar ta ƙasa, ta bar ta yadda take, da wata ɓaraka da ta zube.

Da na gaya mata saƙon Maharazu tana yankan alayyahu. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Allah ya kawo shi," ta ce.

"Umma, katangar baya fa?"

"Tana nan inda take. Miƙo min gishiri."

Ranar Laraba ina makarantar, don a lokacin ina gwajin koyarwa a can, aji uku aka ba ni. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kwalliya. Leshi mai ruwan zuma na sa, da mayafi kalarsa, na shafa humra har bayan kunne. A raina na ce in ya gan ni ko yaya ne idonsa zai yi sanyi. Yarinta!

Ya shigo da fayil a hammata. Yana ganin Umma a bakin ofis ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa.

"Umma, ina kwana."

"Tashi, Malam Maharazu. A nan ba ni da suna Umma. Shugabar makaranta ka zo gani, ga ta."

Ya tashi, kansa a sunkuye. Ni ko kallo ban ishe shi ba.

Ita da kanta ta shiga gaba. Ta nuna masa katangar titi, ya shafa, ya girgiza ƙofar ƙarfen ya ga ta zauna daram. Na ɗauka za ta tsaya nan ta ce bismillah mu koma ofis a sha ruwa. Ina! Kai tsaye ta nufi baya, ni kuma na saci jiki na bi su.

Ya tsaya a gaban ɓarakar ya daɗe yana kallo. Sai ya naɗe rigarsa, ya tsallaka ta ciki ya fita lungu. Muna tsaye ba mu san me yake nufi ba, sai ga shi ya zagayo ta titi ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe, mai gadi ya buɗe masa yana mamakin ta ina ya fita.

"Malama," ya ce a hankali, "na fita na dawo, ba wanda ya gan ni. In da wani ne mai mugun nufi, da haka zai shigo."

Umma ta ce, "Na sani. Kullum da shi nake kwana."

"Ina sauran kuɗin?"

"Zo ka gani."

Ta kai shi sabbin azuzuwan. Yara suka miƙe gaba ɗaya, wasu na cewa barka da zuwa, wasu na cewa wushe, don har lokacin Hausarsu ba ta nuna ba. Akwai wata 'yar ƙarama, Binta, wadda tun zuwanta in ta ji an buga ƙofa da ƙarfi sai ta shige ƙarƙashin benci. Tana ganin baƙo ta shige. Maharazu ya tsuguna, ya jira har ta leƙo da kanta. Daga nan ya miƙe ya ɗaga kai yana duban rufin, ya hau benci ya taɓa katakon, ya ƙwanƙwasa kwanon da yatsa.

"Aiki mai kyau ne," ya ce. "An ba ki izinin juya kuɗin?"

"Ba a ba ni ba."

"Kin nema?"

"Na nemi kuɗin rufi, aka ce in jira. Izinin juyawa ban nema ba, don na san amsar."

Ya buɗe fayil. Na ga ya ɗora biro a kan takarda ya kasa farawa, wallahi na gani. Umma ma ta gani.

"Rubuta abin da ka gani," ta ce. "Kada ka ƙara, kada ka rage."

Kafin la'asar magana ta iso gida. Ban san wa ya kawo ta ba, kun dai san unguwa. Baba Ari ya rufe shagon turarensa da wuri ya taho, ya same mu a ɗakin Ya Kaka. Tana zaune a kan darduma cikin lafayarta baƙa, kaskon turaren wuta a gefe.

"Aisa, zauna," ya ce. "Yaron nan naki, me yake nufi?"

"Baba, aikinsa ne."

"Aikinsa! Su sauran ba aiki suke yi ba? Wa bai san yadda ake yi ba? A rubuta an kammala, a sa hannu, in kuɗi ya samu a toshe ɓarakar. Wa zai mutu? Matar yayana ta yi shekara da shekaru tana koyarwa, ko allin makaranta ba ta taɓa kawowa gida ba. Yanzu a ƙarshe a kira ta ɓarauniya a bainar jama'a, kuma wai surukinta ne zai kira ta?"

Ya Kaka ta ce, "Ke za ki yi masa magana. Namiji in yana son mace, yana jin maganarta. In bai ji ba, kin san matsayinki tun kafin ki shiga."

Na dubi Umma ko za ta ce wani abu. Tana bakin ƙofa tana jan carbi.

"Ari, ku bar yaron nan ya yi aikinsa," ta ce.

"Ke dai yi shiru, Fatsuma. Ba sunanki kaɗai ba ne, sunan gidan nan ne." Ya juyo gare ni. "Ki gaya masa, in takardar nan ta shiga sakatariya yadda take, ya turo a kwashe musu goronsu."

Na shiga ɗaki na rufe, na fara tura wa Maharazu saƙo.

"Ka zo gobe. Dole."

"Zan zo insha Allah."

"Ka miƙa rahoton?"

"Sai Juma'a."

Washegari ban yi kwalliya ba. Hijabin sallata na zura na fito zaure. Na kawo masa zoɓo da sinasir kamar kullum, bai taɓa ba. Na faɗa masa duk abin da Baba Ari ya ce, na ƙara da nawa. Na ce ya tuna fanshon Umma. Na ce ya tuna ita ce ta tsaya masa lokacin da dangi ke cewa ɗan magini ne. Na yi kuka, na gaske ba na kissa ba.

Ya bari har na gama.

"Aisa, tun ranar da aka ba ni aikin nan na je na ce surukata ce, a ba wani. Aka ƙi."

"To ka rubuta an gama mana! Layi ɗaya ne!"

"In na rubuta an gama, an rufe maganar makarantar nan ke nan. Ba wanda zai ƙara turo ko bulo ɗaya, don a takarda katanga ta cika. Ɓarakar nan za ta zauna, yaran nan na ciki. Ke ma kina ciki. In wani abu ya faru, da wane ido zan dubi Umma?"

"Yanzu da wane ido za ka dube ta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Zan rubuta cewa ta juya kuɗi ba izini, don ta juya. Zan rubuta inda kuɗin ya tafi, don na gani. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

"Ko da za a fasa auren?"

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"Ina roƙon Allah kada a fasa. Amma ba zan fara zama da ke a kan ƙarya ba."

Na miƙe na ce, "To ka auri fayil ɗinka." Na shige gida na bar shi da zoɓonsa.

Ya miƙa ranar Juma'a. Sati na zagayowa takarda ta zo, an dakatar da Umma har kwamiti ya zauna. Ta karanta, ta linke, ta sa a ƙarƙashin filo, ta tashi ta ɗora tuwo. Ba ta taɓa zagin sa ba, ba ta kuma ambaci sunansa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne safiya. Ƙarfe bakwai na yi sai in ga ta miƙe tana neman jakarta, sai ta tuna, ta koma ta zauna a bakin gado.

Mata suka dinga shigowa jaje, rabi jaje rabi gulma. "Ashe abin da ya faru ke nan? Kuma wai yaron Aisa ne?" Ni kuwa na kashe waya na jefa cikin akwati. In na kunna sai in tarar da saƙonsa, kullum iri ɗaya: "Ya jikin Umma? Ya naki?" Ban amsa ko ɗaya ba.

Wata Asabar da hantsi Umma ta aike ni makaranta in ɗauko mata tabaraunta da ta manta a ofis. Tun daga lungu na ji hayaniya a baya. Na leƙa. Maza ne cike da lungun, wasu na kwaɓa ƙasa, wasu na miƙa tubali, wani dattijo mai farin gemu a saman katanga yana ɗorawa. Iyayen yaran nan baƙi na jido ruwa a jarka. A tsakiyar kwaɓin kuwa, wando a naɗe har gwiwa, singileti duk laka, ga Maharazu yana tattaka ƙasa da ƙafa.

Dattijon nan babansa ne. Maginan Soron Ɗinki ya kwaso, aikin gayya.

Na tsaya kamar an dasa ni. Ya hango ni, ya fito yana share hannu a jikin wando.

"Ba ta da ƙarfin bulo," ya ce, kamar jiya muka rabu. "Amma za ta riƙe kafin hukuma ta yi nata."

"Me ya sa ba ka yi wannan tun farko ba? Da ka toshe, da ba wanda ya sani."

"Shi ya sa ban yi ba. Sai da rahoto ya shiga, aka ɗauki hoto, sannan na zo. Kada a ce na toshe don in ɓoye."

Na ce, "Wa ya ƙi a ba wani aikin?"

Ya dubi gefe, ya rage murya. "Kansila Ɗantani, shugaban kwamiti. Akwai makarantun da mutanensa suka karɓi kwangilar katanga, na je ban ga komai ba sai tulin yashi, na ƙi sa hannu. Ya san Umma surukata ce. So yake in rufa mata, gobe in na buɗe baki a kan nasa ya ce ga naka."

"Me ya hana ka gaya min ran nan?"

"Ko da babu Ɗantani, abin da zan rubuta ke nan. Ban so ki ɗauka don tsoronsa na yi ba."

'Yan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Mutum tsaye a gabana laka har gira, yana warin gumi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, amma ban taɓa ganin ya yi mini kwarjini kamar ranar ba. Na juya da sauri kada ya ga fuskata. Da na isa gida na kunna waya na rubuta: "Ka wanke ƙafarka da ruwan ɗumi, kaushi zai kama ka." Ya mayar: "To, ranki ya daɗe."

Ranar zaman kwamiti na raka Umma. Ta sa farar atamfa mai zanen ganye da babban mayafi, ta ce ba za ta je kamar mai zaman makoki ba. A shingen sojoji aka sauke mu daga adaidaita sahu, muka taka da ƙafa, hannuwa a sama, aka duba jakunkuna. Umma na tafe kanta a miƙe.

Zauren taron ya cika. Kansiloli a gaba, Ɗantani a tsakiya cikin babbar riga mai aiki har ciki. Baba Ari ya zo ya zauna a baya, ya harɗe hannu. Aka kira Maharazu ya karanta rahoto. Ya karanta tiryan-tiryan, har wurin da ya ce shugabar makaranta ta juya kuɗin katanga ba tare da izini ba. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Ɗantani ya yi murmushi. "To, magana ta ƙare. Jami'inmu da kansa ya tabbatar. Sai hukunci."

"Ranka ya daɗe, ban gama ba," in ji Maharazu. "Dokar kwamitin nan ta ba ku dama ku je ku gani da idonku kafin ku yanke. Ina roƙon ku je. Ba nisa. Kuma tunda an fito, akwai sauran makarantun da aka tura wa kuɗin katanga rana ɗaya da wannan, suna kan hanya. A gan su duka."

Fuskar Ɗantani ta sauya. "Ba su ne a gabanmu yau ba."

Wani tsohon kansila, Alhaji Nata'ala, ya gyara hula.

"A'a, Ɗantani. Kuɗin na jama'a ne, mu aka zaɓa mu duba. Ni dai ban taɓa ganin makarantar nan ba, kuma ba zan kori mace daga aiki a kan abin da ban gani ba. A kawo mota."

Sauran suka goya masa baya. Haka aka ɗunguma.

Makarantun da aka fara tsayawa, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Tulin yashi ne, ciyawa har ta fito a kai, awaki na ratsa fili. Muna isa ta Umma hadari ya haɗo, kafin a gama duba ƙofar ƙarfe ruwa ya tsuge. Kansiloli suka ruga da manyan rigunansu, wuri mafi kusa kuwa shi ne sabbin azuzuwan. Suka cusu ciki tare da yara. Ruwa na dukan kwano kamar ana ganga, amma ko ɗigo bai sauko ba.

Yaran na ganin Umma suka manta da baƙi. Suka yo kanta suna "Malama! Malama!", Binta ta riƙe gefen mayafinta ta ƙi saki. A nan ne kawai na ga Umma ta juya fuska bango tana share ido.

Alhaji Nata'ala ya tambaye ta, "Malama, kin san kin saɓa doka?"

"Na sani, Alhaji."

"In aka mayar da ke baya, za ki sake?"

"Zan rufe ajin. Amma zan zo in zauna a ƙofar ofishinku har ku ba ni izini, ko ku kore ni."

Ya juya ga Maharazu. "Kai kuma, an ce surukarka ce."

"Haka ne, Alhaji. Na faɗa tun farko a rubuce."

"Me kake ganin ya dace?"

"Hukunci naku ne, ba nawa ba. Abin da na sani, ta yi kuskure a hanya, amma ko kwabo bai ɓata ba, ga shi a saman kanmu. Abin da nake roƙo ɗaya ne. A gina katangar baya da bulo kafin wani abu ya faru."

A cikin ajin nan aka yanke, ruwa na zuba. An wanke Umma daga cin kuɗi, fanshonta na nan. Za a gina katangar baya, za a kuma binciki sauran makarantun. Amma saboda juya kuɗi ba izini, an sauke ta daga shugabanci, ta koma malamar aji har ta yi ritaya.

Umma ta ce, "Na karɓa. A ba ni wannan ajin."

Ni a ganina an tsira. Baba Ari kuwa bai gani haka ba. Muna dawowa gida ya fara, muryarsa har layi.

"An sauke ta! A gaban yara, a gaban 'yan gudun hijira! Matar da ta koyar da rabin unguwar nan! Kuma yana tsaye yana cewa ta yi kuskure!"

Kafin mu ankara ya sa an fito da kwandon goro da katan-katan na alewa da biskit daga ɗakin Ya Kaka, an loda a adaidaita sahu, ya ce a kai Soron Ɗinki a ce mun gode. Na durƙusa na riƙe ƙafarsa, ya fizge. Ya Kaka ta kau da kai tana magana da Barbarci ƙasa-ƙasa.

Na shiga ɗaki na kife a gado. Wayata ta yi ƙara.

"Kaya sun iso. Babana ya karɓa, bai ce komai ba. Ni ma an ba ni takarda yanzu, an cire ni daga duba makarantu, an mayar da ni sito. Kada ki damu. Ki gaishe da Umma, ki ce ta yafe min."

Ban san Umma na tsaye a kaina ba sai da ta miƙo hannu. Ta karɓi wayar, ta nisanta ta da ido ta karanta, ta sake karantawa.

Kun san al'adarmu. Uwar yarinya ba ta taka gidan surukai kafin biki, ko sunan yaron ba ta cika kamawa ba. Umma kuwa mace ce mai kunya, ko a hanya ta hango babansa sai ta sauya lungu.

"Aisa," ta ce, "tashi ki wanke fuskarki. Ɗauko min babban mayafina."

"Ina za ki, Umma?"

"Ke za ki nuna min gidan. Ban taɓa zuwa ba."

Muka fito tsakar gida. La'asar ta yi sanyi, ƙasa na ƙamshin ruwa. Baba Ari na zaune a bakin zaure a kan kujerarsa, ya miƙe ƙafa ya tare hanya. Ya dubi mayafin Umma, ya dubi takalminta.

"Fatsuma, ina zuwa?"

"Soron Ɗinki. Zan je in dawo da goron 'yata."

"In kika fita da wannan niyya, ba da yawuna ba. Kuma ki nemi wanda zai ɗaura auren, ba ni ba."

Umma ba ta tsaya ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"Ari, na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane su faɗi gaskiya ko a kan wa. Yau na samu ɗaya da ya faɗa a kaina. Janye ƙafarka."

Bai janye ba. Sai muka ji ƙarar sanda a bayanmu. Ya Kaka ce ta fito daga ɗaki, ta yafa lafayarta ta fita unguwa, wadda rabonta da ita tun rasuwar babanmu. Ta tako a hankali har ta zo tsakanin ɗanta da Umma, ta tsaya tana haki. Ba ta dubi kowa ba sai ni.

"Ke Aisa," ta ce, "gidan nasu da nisa? Ƙafata ba ta da ƙarfi."